Ƙahon da Ya Ji Kunyata

Tun da na dawo daga Yamai ban huta ba. A masallaci, a bakin shagona na takalma, har a wurin zaman makoki, sai wani ya matso ya ce, "Malam Garba, wai da gaske kiɗa ka tafi saurare har wata ƙasa?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Wani ma ya rantse mini an gan ni ina taka rawa a bakin kogi. To, ban taka ba. Ga yadda aka yi, kowa ya karanta, a bar ni in sayar da takalmana.

Asalin tafiyar Zulai ce, 'yar yayana Alhaji Bello. Ta yi karatun unguwarzoma a Yamai a hannun dangin mahaifiyarta, ta dawo Sakkwato da takardar shaida da kuma maganar wani saurayi mai suna Lawali. Da aka tambaye ta sana'arsa, ta sunkuyar da kai ta ce da safe yana koyar da yara a makaranta, da yamma kuma yana busa. Yaya ya ce busar me, algaita ko sarewa? Ta ce ƙahon Turawa, shi da abokansa, wani kiɗa da ake ce wa jaz.

Yaya Bello ba ya son a maimaita masa magana, kuma ba don ciwon ƙafa ba da shi zai tafi da kansa. Ya kira ni zaure ya ce, "Garba, kai za ka tai. Ka yi bincike yadda aka saba, ba tare da sun san ko kai wane ne ba. Abu biyu nika so in sani. Yaron ga na da tarbiyya? Kuma busar ga tashi sana'a ce ko shiririta? Abin da kac ce shi za a yi. In kac ce a'a, an rufe zance."

Ni ba ni da 'ya mace, Zulai ce nake gani a matsayin tawa. Ranar da zan tashi ta kawo mini fura a gora, ta durƙusa ta ce, "Baffa, Allah ya tsare hanya." Ta tashi ta koma ciki. Na san abin da ta haɗiye, kuma ya yi mini nauyi tun ban fita unguwa ba.

Daga Sakkwato zuwa Illela ba abin labari, sai wani rago da aka ɗaure a bayan mota, wanda ya yi ta huro mini numfashi a ƙeya. A kan iyaka aka sauke mu, kowa ya nuna takardunsa. Nan na fara haɗuwa da abin da ban shirya masa ba. Ni Bagobiri ne, kuma iyayena ba su yi rowar aska ba, tsagen ya taso daga gefen baki har kusa da kunne a kowane kunci. A gida ba mai kallona sau biyu. Amma wani jandarma, jami'in tsaron can, ya karɓi takardata, ya dube ni, ya haɗe rai ya ce da wata irin Hausa mai tsalle-tsalle, "Kai, wa ya ba ka izini ka yi tahiya ba ka gaya ma ubangijinka ba?"

Jinina ya hau. Har na buɗe baki zan gaya masa ni ba bawan kowa ba ne sai Allah, wani tsoho da ke bayana ya taɓa ni ya ce, "Bazabarme ne, abokin wasanku. Rama kawai." Mu a gida da Yarbawa muka saba wannan wasa, na manta cewa a can Zabarmawa ne. Na gyara murya na ce na zo duba bayina ne, in ga ko suna samun abin da za su ci. Jandarma ya fashe da dariya, ya miƙo mini takardata da hannu biyu, ya ce in gaida Gobir.

A Ƙwanni na shiga babbar mota, wadda su suke ce wa kar. Kowa da lambar kujerarsa, kuma da lokaci ya yi direba ya tashi bai jira ta cika ba, abin da ban taɓa gani a tasharmu ba. Wadda ke kusa da ni wata Bazabarma ce mai goyo. Tana ganin fuskata ta ce Allah ya kawo mata ɗan aiki, ta ɗora mini jaririn a cinya, ta gyara ɗankwali ta kama barci. Yaron ya yi mini ladabi har muka wuce Dogon Dutse. Bayan Doso ne ya saki abin da ya tara, ya jiƙa mini babbar rigar da na tanada don shiga birni. Masu tambayata ko na ga raƙuman dawan da ake cewa suna tsallaka hanya kafin Yamai, ban gani ba. Lokacin da mutane suka ruga taga suna nunawa, ni ina sunkuye ina matse riga.

Taksin Yamai ma sai da ya koya mini hankali. Ka tsayar da shi, ka faɗi inda za ka, in hanyarsa ce ya yi maka alama da kai, in ba hanyarsa ba ce ya ja motarsa ko uffan. Na farko da ya yi mini haka na bi shi da baƙar magana, na biyu ma haka. A na uku na gane ba raini ba ne, tsarinsu ne. Shi ya kai ni Mawure, unguwar 'yan kasuwa a tsakiyar gari, gidan Alhaji Idi, tsohon abokin Yaya, mutumin Maraɗi mai sayar da katako a kasuwar Katako.

Alhaji Idi ya karɓe ni hannu bibbiyu. A gidansa na fara cin dambun Yamai, wanda zogale ya fi tsaki yawa a ciki, ga mai ga barkono, ana ci ana share hanci. Da safe kuma a kawo wani burodi siriri mai tsawon kamu guda, ɓawonsa na yankan dasashi. Na ce masa wannan ai sanda ce, ya ce in tsoma a shayi in daina surutu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da rana ta take, gari ya yi tsit, manyan mutane su shige ɗaki su kwanta kamar masu jego. Na yi musu dariya da farko, daga baya sai da aka riƙa tashina sallar la'asar.

Na fara aikina yadda aka saba. Na je unguwar su Lawali a matsayin baƙo mai neman wani gida, na zauna wurin mai shayi, na yi sallah a masallacinsu, na ja liman da hira. Kowa ya ce yaro ne mai sallah, ba ya sha, ba ya faɗa, iyayensa mutanen Tawa ne masu mutunci. Wata tsohuwa mai tuyar masa ce kawai ta ce a da sun hana ta barcin rana da ƙarar ƙarfe, amma yanzu sun koma wani lambu a Tondibiya, can bakin kogi bayan gari. Duk na ji, sai dai na san bakin maƙwabta. Ba wanda zai ɓata auren ɗan unguwa a gaban baƙo. Dole in gani da idona.

Alhaji Idi ne ya kawo dabara. Ya ce, "Ka tahi ka ce musu ɗiyarka za ka aurar, kana neman makaɗan biki. Ka ga ba ka yi ƙarya ba ƙwarai." Na yaba wa kaina da wannan shiri kamar ni na ƙirƙiro shi.

Tondibiya ƙauye ne a gefen kogin Isa, wanda mu muke ce wa Kwara, duk lambuna ne da mangwarori. Tun daga nesa na jiyo ganga, na bi ta har wani lambu da aka kewaye da darni. A ƙarƙashin rumfa na tarar da su, su biyar, ba wanda ya kai shekara talatin a ganina. Na yi sallama, kiɗa ya tsaya.

Wadda ta taso ta tarbe ni ita ce shugabarsu, Mariyama, 'yar wani ma'aikacin gwamnati mutumin Damagaram, lambun ma na kakanta ne. Ita ke kaɗa fiyano, da lulluɓinta da tabarau, ba ta da jiki amma in ta ɗaga gira duk mazan nan sai su nutsu. Akwai mai busa sakso, wani lanƙwasasshen ƙaho mai maɓallai kamar rigar soja. Akwai mai wata ƙatuwar goge da ta fi shi tsawo, wadda ba a goga ta, da yatsu ake tsinkar ta. Sai mai ganguna, Hamani, Bazabarme baƙi kakkaura, wanda yana ɗaga kai na san na shiga uku.

"A'a, Bagobiri har Tondibiya? Wa ya kwance ka?" in ji shi. "Zo ka riƙe mini sandunan ga in sha ruwa."

Na ce masa in ya gama ya zo ya wanke mini takalmi. Muka yi dariya, aka ba ni kujera.

Na biyar ɗin shi ne Lawali. Na gane shi da ƙahon da ke hannunsa, ɗan gajere mai maɓallai uku, ƙanen begilar sojoji. Dogo ne siriri, mai tsabta. Amma tun da na shigo ya juya mini ƙeya. Sauran duk sun zo sun ba ni hannu, shi daga can nesa ya yi wani gunaguni yana kallon bishiya, wai gaisuwa ke nan. Na ce a raina, to, an fara.

Na faɗi abin da ya kawo ni. Mariyama ta saurara da ladabi ta ce, "Tonto, mu kiɗanmu ba irin na biki ba ne sosai. Amma ka zauna ka ji, ka dawo ka ƙara ji, in ya yi maka sai mu yi magana." Tonto shi ne yadda yaran Yamai ke kiran babba, kamar mu ce baffa ko kawu. Na tambaye ta wa suke yi wa waƙa, sarki ko attajiri. Ta ce ba kowa. Ba waƙa a ciki ma, ba kirari, ba sa kiran sunan mutum don ya ba su wani abu. Wannan ya kwanta mini, don na san babban tsoron Yaya kada a ce ya ba maroƙi 'ya.

Ta ce irin jaz ɗin da suke yi sunansa had-bop, baƙaƙen fatar Amirka ne suka fito da shi, masu son a ji ganga da nauyi, a ji kira da amshi irin na kakanninsu. Sannan ta ƙirga da kai suka tashi.

Da farko ban gane komai ba. Na ji kamar kowa da inda ya nufa. Sai da Mariyama ta kwatanta mini da zaman fada, wato majalisar samarin Yamai inda ake dafa shayi ana hira. Ta ce da farko su duka za su faɗi magana ɗaya tare, gajeruwa, ita ce kan zance. Daga nan a bar wa mutum ɗaya fili ya faɗi abin da ke ransa a kan zancen, ba a rubuce ba, ba a haddace ba, abin da ya zo masa a lokacin. Mai ganga da mai babbar goge suna riƙe masa hanya don kada ya ɓace. In ya gama a tafa masa, na gaba ya karɓa. A ƙarshe su koma kan maganar farko su rufe. Da na samu wannan bakin zaren sai kunnena ya buɗe. Mai sakso ya yi nasa, dogon bayani mai kwana-kwana. Mariyama ta yi nata, tana yi tana cije leɓe. Hamani kuwa duk iya shegensa, in ya zauna bayan gangunan nan wani mutum ne daban.

Da layi ya zo kan Lawali na gyara zama, don shi na zo gani. Ya ɗaga ƙahon, ya karkata gefe, ya yi wani fuf-fuf ƙasa-ƙasa kamar mai hura wutar da ba ya son ta kama, ya sauke. Ko rabin filinsa bai ci ba. Mariyama ta dube shi ta saman tabarau.

Aka kawo shayi. Na sha, kowa ya sha, shi ya girgiza kai. Aka kawo soyayyen kifi daga bakin kogi, muka kewaye tire, shi ya tashi ya fice daga lambun gaba ɗaya. Da ya dawo na yi ƙarfin hali na ce, "Samari, kai tun yaushe kake wannan busa?" Bai dube ni ba. Ya juya wajen Hamani ya ce ƙasa-ƙasa, "Tun ina lakwal," wato makaranta, kamar Hamani ne ya tambaye shi. A duniya ba abin da na tsana irin yaro mai girman kai, ranar na koma Mawure raina a ɓace.

Na yi ta komawa, kullum bayan la'asar, mu tashi in an kira magariba. Gaskiya ba binciken kaɗai ke mayar da ni ba, kiɗan ya fara shiga jinina. Na kai ga gane inda kan zance zai dawo, har ƙafata na riga su. Hamani ya ce in na ƙara ƙoƙari zai ɗauke ni aikin ɗaukar ganga. Amma Lawali bai canja ba. Ina shiga zai juya baya, in layinsa ya zo ya yi fuf-fuf ya sauke. Wata rana Mariyama ta buga fiyanon da tafin hannu ta ce, "Lawali, konser ranar Asabar ne. Haka za ka yi muna gaban mutane?" Wato wasan da za su yi a cikin gari. Ya sunkuyar da kai.

Da yammacin nan Yaya ya kira ni a waya. Na so in kauce, amma Yaya ba a kauce masa. Na ce maƙwabta sun yabe shi, sai dai abin da na gani da idona, ba gaisuwa, ba sakin fuska, busar ma sauran duk sun fi shi, da alama jan sa kawai suke yi.

"To, mi kaka jira?" in ji Yaya. "Ka dawo gida, an gama."

Na ce ya bar ni in koma sau ɗaya. Ya ce ɓata lokaci ne, amma in yi yadda na so. Na aje wayar, fuskar Zulai ta tsaya mini a ido, ita da gorar furarta. Na ji tausayinta, na kuma ji haushinta, yadda yarinya mai hankali za ta rasa wanda za ta so sai wannan.

Washegari taksi ya sauke ni a bakin hanyar Tondibiya, sai ga Hamani zaune kan babur a inuwa, da gani jirana yake. Na ɗauka wasa zai fara, na shirya amsa. Amma ya sauko ya tare ni ya ce, "Bagobiri, yau ba za ka shiga ba."

Na ce, "Lambun ubanka ne?"

"Ba na ubana ba ne. Amma kai Baffa Garba ne, ƙanen baban Zulai, mai shagon takalma a Sakkwato. Ko ba kai ba ne?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce Zulai ce ta gaya musu? Ya ce ko kusa. Lawali ya daɗe da ganin hotona na ranar sallah a wayarta, ina tsaye kusa da Yaya. "Kuma da wannan zane da ke huskarka, wa za ka ɓoye ma? Tun kana ƙofar lambu ya ce muna, ga surukina nan."

Hamani ya ci gaba.

"Yaron nan kakarshi ta rene shi, can ƙauyen Tawa. Wajensu suruki ba a haɗa ido da shi, ba a ci gabanshi, ba a sha, ba a ɗaga murya. In ka hango shi kan hanya sai ka sake hanya. Kai kuma ka zo ka kafa kujera gaban bakinshi kana kallo. Ka san yadda ake busar nan? Sai mutum ya kumbura kunci, ya rufe ido, ya gantsare, ya yi kururuwa da ƙarfe. Ƙaƙa zai yi wannan gaban baffan yarinyar da yake nema?"

Na ce, "To, me ya hana shi faɗi? Me ya hana ku?"

"Ya roƙe mu. Ya ce dattijo ya taso tun daga Sakkwato da dabararshi, in ya san an gane shi zai ji kunya. Gara shi a ce bai iya ba. Mariyama ba ta iya gaya maka, ɗiya ce gare ka. Ni dai ne ba ni jin kunyar bawana."

Wallahi sai a lokacin na gane. Wannan al'ada ai tamu ce. Ni kaina lokacin da nake neman uwar 'ya'yana na taɓa faɗawa cikin gonar gero don kada in yi kiciɓis da mahaifinta. Amma yanzu samarinmu na zama da surukai a faranti ɗaya ana kallon ƙwallo, har na manta kamannin kunya in na gan ta. Kuma da yake na ɗauka ba wanda ya san ni, ko a mafarki ban kawo wannan ba. Abin da aka aiko ni nema shi ne a gabana kullum, ni kuwa na sa masa suna girman kai, har na kai rahoto gida.

Na ce wa Hamani, "Yanzu ya za a yi? An ce in ji busarsa, kuma in ina wurin ba zai busa ba."

Ya ce, "Hau babur."

Ya bi da ni wata 'yar hanya ta bayan lambuna, muka aje babur, muka taka tsakanin kunyoyin kabeji har bayan darnin su Mariyama. Ya kifa mini wani tsohon bokiti ya ce in zauna, kada in yi tari. Shi ya zaga ta ƙofa. Ina ji ya ce da ƙarfi, "Bagobirin nan ya aiko, wai yau ba ya zuwa, dambu ya ɓata mishi ciki." Suka yi dariya. Na ƙudura a raina zan rama wannan.

Mariyama ta ƙirga, suka faɗi kan zance tare. Tun a nan na ji bambanci, akwai wata murya a sama da ban taɓa ji ba, mai kaifi, tana jan sauran. Sai aka bar wa Lawali fili.

Ban san yadda zan gaya muku ba, ni mai sayar da takalma ne. Ya fara a hankali, 'yan kalmomi, ya tsaya, ya bar ganga ta amsa. Ya maimaita su ya ƙara kaɗan. Daga nan ya hau, yana hawa yana saukowa, ya kama wata murya can sama ya riƙe ta har na ji numfashina ya ɗauke tare da nasa, sannan ya sake ta ta gangaro. Wani wuri kamar yana dariya, wani wuri kamar yana rarrashi. Hamani na jefa masa magana da ganga yana cafewa yana mayarwa. Wani mai ban-ruwa a lambun da ke kusa ya aje bututunsa ya tsaya, ruwa na zuba a ƙafarsa bai sani ba. Da suka koma wani kiɗa mai sanyi, wanda ake yi a hankali, sai na ji hawaye na bin tsagen fuskata. Ban yi niyya ba, kuma ban ji kunyar kabeji ba. Na yi murna, na kuma ji tsoron abin da na kusa yi wa yaran nan biyu.

Da ya sauke ƙahon na ɗaga hannu zan tafa, yadda suka koya mini. Allah ya taimake ni na tuna, na cusa hannuwan cikin aljihu. Akwai 'yar kafa a darnin daidai idona, da na so da na leƙa na ga yadda yake yi. Ban leƙa ba. Yaron da ya yarda a ce bai iya sana'arsa ba don ya rufa mini asiri, bai kamata in saci kallonsa ba. Kafin a kira magariba na lallaɓa na fita ta inda na shigo.

Ban tsaya wasan Asabar ba, don in na je na san abin da zai faru. Na bar wa Alhaji Idi saƙo ya gaya wa Mariyama maganar biki tana nan, za a neme su. Hamani ne ya kai ni tasha, ya ɗora mini jakata a ka ya ce haka bayi ke yi. Na ce ya jira, ranar ɗaurin aure a Sakkwato zai san waye ubangijin wani.

Na iso gida da la'asar, ko wanka ban yi ba na wuce zauren Yaya. Na gaya masa maganar waya a janye ta, na ba shi labari tun daga farko. Ya daɗe yana murza ƙafarsa mai ciwo.

"Ya ƙi cin kifi gabanka?"

Na ce ya ƙi.

"Ashe akwai sauran irinsu." Sannan ya ce, "To, busar fa? Ka gane shi da idonka yana yi?"

Na ce, "Ban gani ba, Yaya, kuma in auren nan ya yiwu ba zan taɓa gani ba har in mutu. Amma na ji. Sana'a ce."

Ya ce to, a gaya musu su turo magabata.

Da na fito na tarar da Zulai a tsakar gida tana sharar wurin da ba ko tsinke. Ta durƙusa ta yi mini sannu da zuwa, idonta a ƙasa. Na so in ja mata rai kaɗan, na kasa.

Na ce, "Zulai, in kun tashi neman gida a Yamai, ki ce masa ya nemi mai gajeruwar katanga. Ku aje mini benci a bayanta, ta waje."

Ta ɗago ta dube ni, ba ta gane ba. Can sai ta saki tsintsiyar, ta rufe fuska da mayafi ta ruga ɗakin uwarta.